Suɗaɗɗun Tayoyin Abu Ra'ad

Ɗan baffana Shahir, wanda kowa a garinmu Salt, nan kusa da Amman, ke kira Abu Ra'ad, ya dawo daga dogon zaman aiki a Kuwait da abu biyu: hawan jini, da wata jar mota ƙirar Amurka mai ƙofa biyu. Shi hawan jinin, matarsa kaɗai ya dama. Motar kuwa ta dami unguwa gaba ɗaya. In ya tayar da ita da safe, kofunan shayi rawa suke yi a kan faranti, tattabarun maƙwabta su watse, jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci ya farka da kuka.

"Wannan ba mota ba ce," haka yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya sa ya tsaya gaisawa da shi. "Garken dawakai ne aka kulle a ƙarƙashin murfi ɗaya. In na sakar mata linzami, kafin ka gama hamma na isa Aƙaba, can bakin teku."

Ƙarfi kam tana da shi, ba zan ci haƙƙinta ba. Abin da ta rasa shi ne ƙafar taka ƙasa. Da ya ɗan taɓa totur, sai tayoyin baya su kama juyawa a wuri ɗaya, suna ƙara suna hayaƙi, bayan motar yana karkaɗawa hagu da dama, ita kuwa tana nan inda take. Titunan garinmu ba a kwance suke ba, a jingine suke, kwaltarsu kuma ta sha taku har tana sheƙi. Wata rana a hawan kasuwa, mai akori-kurar sayar da kankana ya zo ya wuce shi a tsanake, har ya leƙo ta taga ya ce, "A turo ka ne, Abu Ra'ad?" Ranar ko abincin rana bai ci ba.

Ana cikin haka maganar auren ɗansa ta taso. Ra'ad yaro ne mai sanyin hali, ma'aikacin kantin magani, wanda in yana magana sai ka matso kusa kafin ka ji. Ya daɗe yana son Rudaina, 'yar Abu Muhannad, wani tsohon hafsan soja da gidansa ke can ƙololuwar tudun Ƙala'a. Yarinya tana so, uwarta tana so. Uban ne ya yi ta jan ƙafa, kuma kowa ya san ba yaron yake gudu ba. Daga ƙarshe ya yarda a turo tawagar dattawa ranar Alhamis bayan la'asar, amma ya aiko da saƙo ta bakin mata: ba hon, ba harbin bindiga, ba makara. In aka saɓa, kowa ya riƙe ɗansa.

Ina gidan lokacin da Ra'ad ya sami ubansa da maganar.

"Baba, don Allah ranar nan mu tafi a motar Kawu. A hankali, ba hayaniya. Ka san halin mutumin."

"Motar kawunka? Wadda ake ɗaure ƙofarta da igiyar shanya? In je nema wa ɗana aure a cikin kejin kaji?"

"Baba, hawan Ƙala'a ne fa. Motarka ko hawan kasuwa..."

"Laifin taya ne! Tayar ce ba ta kai darajar injin ba. Zan sa mata takalmin da ya dace da ita. Ni zan ɗauko Alhaji Misƙal, ni zan shiga gaba, kafin sauran su sha kwanar farko mun zauna a falon sojan nan. Zai san irin gidan da 'yarsa za ta shiga."

Ra'ad ya dube ni, ni kuma na dubi silin. Alhaji Misƙal shi ne babban dattijon zuriyarmu, shi zai yi magana da yawunmu. In bai isa ba, babu tawaga, babu aure.

Washegari Abu Ra'ad ya ja ni zuwa Amman, layin masu taya a Bayadir. Ni Taisir sana'ata sayar da gyaɗa da alawa, iyakar sanina da taya shi ne baƙa ce kuma tana mirginawa. Amma ɗan baffana ba ya jin daɗin cika baki sai da mai sauraro.

Mai shagon ya zagaya motar, ya mirgino wata taya.

"Ga daidai da motarka, maigida. Ta titi ce, robarta da laushi, tana kama kwalta ko a bushe ko a jiƙe."

Abu Ra'ad ya durƙusa, ya zura yatsa cikin tsagar tayar.

"Wannan fa mene ne?"

"Zanen taya ke nan."

"Rami dai. Ga wani, ga wani. Kai, rabin tayar nan iska ce! Roba na zo saya, ba iska ba. Taisir, saurara ka ƙaru. Duk inda ka ga rami a jikin taya, wurin ba ya taɓa ƙasa. Abin da bai taɓa ƙasa ba kuwa, ta yaya zai riƙe ta? Ka taɓa ganin motar tsere da zane a tayarta?"

"Ban taɓa ganin motar tsere ba," na ce.

"Shi ya sa kake sayar da gyaɗa."

Mai shagon ya dubi Abu Ra'ad, ya dubi agogon zinaren da ke hannunsa, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya shige can ƙurya, ya mirgino wasu faffaɗan tayoyi da ƙura ta lulluɓe, sumul, in ban da 'yan layuka biyu da aka ja musu don fita kunya.

"Waɗannan wani ɗan tsere ne ya sa aka kawo, matarsa ta hana shi karɓa. Ba kowa nake nuna wa ba. Sai dai abu biyu: sai sun ɗauki zafi suke kamawa, kuma ba sa ga-maciji da ruwa."

"Ruwa?" Abu Ra'ad ya tuntsire da dariya har da dukan cinya. "A watan Agusta? Mu da ko na wanka sai mun jira ranar da aka sako mana? Ɗaura su, ɗan'uwa!"

Mai shagon ya taya shi dariyar, ya ɗaura su da saurin da ban taɓa ganin irinsa ba.

Tayoyin sun fi jikin motar faɗi, sun leƙo waje ta kowane gefe, duk kwanar da aka sha sai su gogi ƙarfe su yi ƙara. Da muka iso unguwa, Abu Sultan mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya zagaya motar, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Abu Ra'ad, ashe abin ya yi tsanani haka? Ai da ka yi magana, maƙwabtaka ta wuce wasa. Akwai tsofaffin tayoyi a kan rufin ɗakina, sun fi waɗannan sauran rai."

"Sababbi ne, jahili!"

"Sababbi? A suɗe aka haife su? To ni ma ina da masu zuwa aski irinsu, sai dai su ba sa fahariya da sanƙon."

"Tsoma bakinka a kan gashi. Ranar Alhamis ka fito ka ga aiki."

"Ai ko gawa ake yi wa wanka a gidanmu sai na fito."

Ranar Alhamis tun da hantsi ya fara aikin ɗumama taya. Wai a talabijin ya ga 'yan tsere suna lulluɓe tayoyinsu kafin a tashi. Abin lulluɓin da ya samu a gidan kuwa su ne manyan bargunan ulu da matarsa Ummu Ra'ad ta sa aka ɗinka don ɗakin amarya, waɗanda take ajiye da su cikin leda, ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kai ba. Ya naɗe kowace taya da ɗaya, ya fito da hitar kananzir ta lokacin sanyi ya kunna a gefe. Rana tana dukan ƙeya, mutane suna raɓewa a inuwa, shi kuma yana tsugune yana fifita wa taya wuta.

Ƙaurin ulu ne ya fito da Ummu Ra'ad da ludayi a hannu.

"Na shiga uku! Shahir! Bargunan yaron ne a ƙasa?"

"Aro na yi, Intisar. Kimiyya ce, ba za ki gane ba."

"Kimiyya ta ƙone mini gefen bargo! Duk zamanmu da kai, ka taɓa lulluɓe ni ina zazzaɓi? Sai taya?"

"Ke ai ba kya santsi a kan hawa."

"To wallahi, in yaron nan ya rasa yarinyar nan ta dalilinka, a cikin motar za ka dinga kwana, ita ta dinga dafa maka."

Bayan azahar aka kawo farantan kunafa, wato wainar cuku mai zaƙi da za a raba in an amsa mana, da galan na ruwan sukarin da ake kwarara mata. Abu Ra'ad ya tsoma yatsa a galan ɗin, ya murza, ya ga yana danƙo. Na ga idonsa ya kawo haske.

"Yaran Kuwait lemon kwalba suke zuba wa taya don ta yi danƙo," ya ce. "Wannan ai ya ninka lemo kauri."

"Abu Ra'ad, kunafa ba ruwan sukari ai cuku ne da haƙuri."

"Rabi zan ɗiba."

Ba rabi ya ɗiba ba. Ya samo burushin fenti ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, har sai da galan ya yi ƙarar wofi. Sannan ya miƙe yana share zufa.

"Saura nauyi. Motar nan da baya take turawa, dole a danne bayan."

Ya juyo ya auna ni da ido daga sama har ƙasa. Ni mutum ne da Allah ya yi wa yalwar jiki, ban taɓa ɓoyewa ba, ba ma yadda za a yi in ɓoye. Amma ban taɓa zaton za a wayi gari a gayyace ni neman aure a matsayin buhun siminti ba. Raina ya ɓaci, na kuma faɗa masa. Duk da haka aka kwantar da kujerar gaba, aka cusa ni a baya, aka ɗora mini farantan kunafa a cinya har haɓa.

Muka ɗauko Alhaji Misƙal a ƙofar gidansa. Ya fito cikin alkyabbarsa mai bakin zinariya, da jan mayafi a ka, da sanda. Ya sunkuya ya leƙa kujerar da aka nuna masa, ya daɗe yana kallo.

"Shahir, wannan zama ake yi ko kwanciya?"

"Zama, Baffa Alhaji. Kujerar tsere ce, rungume mutum take yi."

Mutum biyu suka sauke shi a hankali har gwiwoyinsa suka zo daidai gemunsa.

"A kabari ma," in ji dattijon, "ana bar wa mutum wurin miƙe ƙafa."

Aka idar da la'asar, tawaga ta jeru a bayanmu, Ra'ad yana motar kawunsa dab da mu, cikin sabuwar kwat. Kafin mu fita daga layinmu tayoyin sun kwashi tsakuwa da ganye da ledoji da ɓawon gyaɗa, har da silifa wari ɗaya daga ƙofar masallaci. Abin da suka kwasa a wannan juyi, su harba shi a na gaba. Ina jin tsakuwa tana sauka a gilashin motar Kawu, ƙas-ƙas-ƙas. Zuma da rina suka biyo ƙanshin sukari, suka shiga tawagar ba gayyata.

"Ka ji yadda take cizon ƙasa, Baffa?" in ji Abu Ra'ad, baki har kunne.

"Na dai ji tana tauna."

Muna isa gindin Ƙala'a na ji wani sauti da duk ɗan garin nan ya sani tun yana goye: injinan jan ruwa suna gurnani a kowane gida, da muryar wata mata tana ƙwala wa maƙwabciyarta kira. An sako ruwa. A makon nan ruwan tudun ya makara, mata sun yi ta buɗe famfo suna jin iska, sai yanzu ya ga damar zuwa. In kuwa ruwa ya zo, ba a sanin miji, ba a sanin baƙo. An jawo dardumomi zuwa bakin titi ana dirza, injinan wanki suna amayar da kumfa ta bututu, tankunan kan rufi sun cika suna tumbatsa. Ita kuma matar Abu Muhannad, wadda ta wuni tana baƙin cikin za ta karɓi surukai da ƙura a ƙofar gida, ta juye buhun garin sabulu guda a kan matakala da titi, ta sa 'yanmata gogewa don girmama mu. Duk wannan girmamawar ce ta gangaro ta tarye mu a tsakiyar hawa.

"Abu Ra'ad," na ce daga bayan farantai, "ruwa ne fa wancan."

"Ɗan laima ne. Riƙe kunafarka."

Tayoyin baya suka taka kumfa, suka saki ƙasa kamar ba su taɓa saninta ba. Injin ya yi rugugi, motar ta tsaya cak. Maza suka firfito daga motocin baya cikin kwat da farar riga don su tura.

"Kar wanda ya taɓa ta!" ya yi tsawa ta taga. "Ba su gama ɗaukar zafi ba ne!"

Ya danna totur har ƙasa. Kumfa da ruwan sukari da tsakuwa suka tashi suka yi wa dattawan zuriyarmu wanka daga rawani zuwa takalmi. Silifan nan ya tashi ya sami Abu Sultan mai aski a ƙirji, shi da ya biyo mu don ganin aiki. Salansar motar ta yi tari sau biyu, tau! tau! har tsuntsaye suka tashi daga hasumiyar masallaci. Su kuma na ƙarshen layi, da ba su san abin da ake ciki ba, suka hau danna hon.

Wata tsohuwa ta leƙo daga kan rufi da tiyo a hannu.

"Wane ne wannan yake ɓata mana kumfa?"

"Surukin Abu Muhannad ne!" in ji ta kusa da ita.

"Wannan? Allah sarki Rudaina."

Sai bayan motar ya karkace, gefen dama ya manne da katanga har ƙofar Alhaji ba ta buɗuwa, ta kuma fara silalowa baya. Abu Ra'ad ya taka birki da ƙafa biyu, ya ja na hannu. Tayoyin suka daina juyawa, amma motar ba ta daina tafiya ba. A bayanmu kuwa akwai kwana, bayan kwanar akwai doguwar matakalar nan da ke sauka har kasuwa. Na fara kalmar shahada.

Ra'ad ne ya fara isowa a guje. Ya juya, ya tokare bayan motar da gadon bayansa, ya kafa ƙafafu cikin kumfa da sabuwar kwat ɗinsa. Kawunsa ya bi, sauran suka bi. Wani ya sa dutse a ƙarƙashin taya, dutsen ma ya bi kumfa ya yi nasa wuri. Motar ta tsaya, amma a kan kafaɗun mutane ta tsaya. Abu Ra'ad ba dama ya ɗaga ƙafa daga birki, Alhaji ba ƙofa, ni kuma sai ɗayansu ya fita zan fita.

A haka Abu Muhannad ya same mu. Ya sauko daga tudu a miƙe kamar sanda, carbi a hannu, mazan danginsa a bayansa. Ya tsaya a gefen busasshen wuri, ya dubi motar, ya dubi dattawa suna ɗigar kumfa, ya dubi layin motoci har gindin hawa.

"Abu Ra'ad. Na ce ba hon, ba harbi, ba makara."

"Salansa ce, ranka ya daɗe, ba bindiga ba. Irin wannan injin in ya..."

"Baƙina suna zaune tun ɗazu, gahawa ta huce. Ku koma gida."

Na waiga ta gilashin baya na ga Ra'ad. Bai ɗago ba, bai kuma saki motar ba. Wuyansa ya yi jawur, kafaɗunsa suna rawa, ya sunkuyar da kai. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji hawaye, na kuma ji da hannuna ba ya riƙe da faranti da na shaƙe ɗan baffana ta baya.

Sai Alhaji Misƙal ya ƙwanƙwasa rufin motar da kan sandarsa.

"Shahir, buɗe tagar nan ta sama."

Rufin ya zuge. Dattijon ya dafa kan Abu Ra'ad, ya taka abin da ya taka, ya ɓullo ta sama har ƙirji. Ya gyara mayafinsa, ya daidaita alkyabba, kamar dama can a nan aka shirya masa wurin zama.

"Salamu alaikum, Abu Muhannad. Ruwan nan da ya jiƙa mu, na gidan wa ne?"

"Wa alaikumus salam, Alhaji. Na gidana ne."

"Layin fa?"

"Layina ne."

"To ruwan gidanka ya taɓa mu, a layinka muke, mun zama baƙinka. Ni dai na san ubanka, na san kakanka. Ban taɓa jin an kori baƙo a gidanku kafin a zuba masa gahawa ba. Ko kai za ka fara?"

Abu Muhannad ya cije leɓe har gashin bakinsa ya motsa. Ya juya ya yi wa ɗansa alama. Aka sauko da butar gahawa, aka zuba a finjali, aka miƙa wa dattijo a kan rufin mota. Alhaji ya karɓa da dama, ya ajiye a gabansa bai kurɓa ba. Duk wanda ke wurin ya san ma'anar haka: ba za a sha ba sai an biya buƙatar da ta kawo mu.

Daidai nan ƙafar wani ta zame, motar ta ja baya taku guda, finjalin ya yi rawa a kan rufi. Mata suka rafka salati. Ban san ko dattijon Abu Muhannad ya ji wa tsoro ba, ko kuwa kunyar a ce gahawar gidansa ta zube a titi. Na dai ga ya jefa carbi a aljihu, ya faɗa cikin kumfa, ya kafa kafaɗa kusa da Ra'ad. Danginsa suka rufa masa baya.

Alhaji Misƙal ya yi gyaran murya. Mu da muka san shi, jikinmu ya yi sanyi. Mutumin nan bai taɓa neman aure a ƙasa da tsawon huɗubar Juma'a ba.

Ya fara da godiya ga Allah da salati. Ya shiga tarihin zumuncin gidajen biyu. Ya kawo shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe gari, kakan Abu Muhannad ya raba alkama. Ya kawo wata rijiya da aka yi rigima a kanta aka sasanta.

"Alhaji, a taƙaita!" wani ya yi nishi daga baya.

"Ba a katse babba. Ina muka tsaya? Yawwa, rijiyar."

"Taisir, rage nauyi mana!" in ji Kawu.

"In yi yaya? In daina numfashi?"

"Ka daina cin kunafar mutane!"

"Gefen da ya karkace nake gyarawa!"

Abu Ra'ad ya leƙo ta taga, zufa tana zuba daga haɓarsa. "Jama'a, yanzu fa sun ɗauki zafi sosai. In na ɗan taɓa totur sau ɗaya tak..."

"Kar ka taɓa!" Dangi biyu suka haɗa baki, karo na farko a tarihinsu. Wani ya haɗa da zagi, wani ya ce a ƙwace makullin, Abu Sultan ya ce a bar masa shi da almakashi.

Muryar Ra'ad ce ta fito a ƙarshe, a hankali, tana rawa don nauyi.

"Baba, riƙe birkin kawai, Allah ya ƙara maka lafiya. Kar ka damu, muna nan."

Na ga Abu Muhannad ya juya kai, kuncinsa a manne da fitilar baya, ya zuba wa yaron ido.

"...shi kuwa kakan kakanmu," in ji Alhaji daga sama, "yana da wata goɗiya..."

"Alhaji!" Abu Muhannad ya yi ƙara da muryar fareti. "Sha gahawarka!"

"Ai ban faɗi abin da ya kawo mu ba tukuna."

"Na sani! Duk Ƙala'a ta sani! An ba ku! Sha, kafin ƙashin bayana ya rabu biyu!"

Alhaji Misƙal ya ɗauki finjali, ya shaƙi ƙanshin, ya kurɓa a tsanake, ya girgiza shi alamar ya isa. Guɗa ta ɓarke daga kan rufin gidaje, tsohuwar nan ta ɗaga tiyo sama don murna ta ƙara jiƙa mu. Aka karanta Fatiha, kuma ita ce Fatihar neman aure ta farko da na gani ba wanda ya ɗaga hannu, don kowane hannu yana jikin mota.

Sai a lokacin wani ya tuna da igiya. Aka ɗaure motar a jikin falwaya, aka zaro dattijo ta sama, aka zaro ni ta gefe da ƙyar. A nan bakin titi aka raba kunafa a bushe, kowa yana ci yana neman ruwan sha. Abu Ra'ad kuwa tun da ya fito daga motar ya raɓe a jikin katanga. Tunda nake da shi ban taɓa ganin bakinsa a rufe na tsawon wannan lokaci ba.

Abu Muhannad ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu. Ya kamo Ra'ad, ya share masa kumfar da ke kafaɗar kwat, ya sumbaci kumatunsa. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kar wani ya ce motar nan ce ta matsa mini. Na sauko ne da niyyar kora. Amma yaron da ya iya ɗaukar wannan uban bai ɗaga masa murya ba, 'yata ba za ta yi masa nauyi ba."

Aka kwashe da dariya, Ra'ad ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja. Na juya in ga yadda Abu Ra'ad zai haɗiye wannan. Sai na tarar idanunsa sun cika da hawaye, ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya damƙi hannuna da yatsunsa masu danƙon sukari.

"Ka ji ko, Taisir?" ya ce. "Ka ji da kunnenka? Tarbiyyata ce."